Sau Bakwai Cokali Ya Bugi Kofi

Jama'ar wannan shafi, na san abin da kuka zo nema, kuma ba shi na kawo ba. Kwana tara ke nan ban saka babi na ashirin ba, akwatin saƙona ya cika da "lafiya kuwa?" da "wallahi kina ja mana rai." Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Yau dai Malam Sanyi zai jira a waje, don labarin da zan ba ku nawa ne, ban ƙara masa gishiri ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce mai rubuta labarin Malam Sanyi, mutumin nan da bai taɓa ɗaga murya ba amma ya mayar da matarsa abin tausayi a cikin gidanta. Da rana ina aiki a shagon buga takardu. Idan babu kwastoma, kuma Oga ya fita, sai in sa wayata a ƙarƙashin tebur in rubuta muku. A gida kuwa 'Yar Baba ake kirana. Sunan ya samo asali ne daga jinyar mahaifinmu. Shekara biyu ya yi a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Yayyena suna gidajensu, Umma tana makarantar da take koyarwa tun safe har yamma, ni ce a gida. Ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke wanke zanen gado. Unguwa ta shaida, dangi sun shaida. Har yau idan ana yi wa yarinya faɗa a kan rashin tausayi, da ni ake buga misali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ina da ƙa'ida ɗaya a rubutu. Ba na iya ƙirƙirar mutum daga iska, sai na sato. Akwai wani ɗan littafi mai jan bango a jakata, a ciki nake tara ɗabi'un mutane: yadda Oga yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, yadda maƙwabciyarmu take dariya ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Duk mutumin da zan sa a labari ina ba shi ɗabi'a uku, amma daga mutum uku daban, don kada kowa ya ga kansa. Shekara huɗu ina haka, ba wanda ya taɓa kama ni. A kan Malam Sanyi ne na yi ƙiwa, na kwashe ukun daga mutum ɗaya, saboda mutumin yana zaune a falonmu duk Talata da Asabar, ba sai na wahala ba.

Mai Kemis ke nan. Shagonsa na maganguna yana bakin babban titi, kusa da inda motocin haya ke tsayawa. Gwaggo, yayar Baba, ita ta kawo shi. Ta daɗe tana yi wa Umma waƙa a kaina.

"Ashirin da shida, tana zaune tana latsa waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ke kuma kin zuba mata ido."

"Yaya, ai ba ta ƙi ba, wanda ya dace ne bai zo ba," in ji Umma.

"To ga shi ya zo. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ga sana'a, ga kunya. Matarsa ta rasu shekara uku ke nan, ciwo ta yi mai tsawo, shi ya yi jinyarta har ƙarshe. Idan wannan bai dace ba, sai dai a ƙera mata wani."

Ban ƙi shi ba, ban kuma ce ina sonsa ba. Kallonsa nake yi kamar yadda nake kallon kowa, da jan littafina a buɗe cikin kaina. Idan ya zo, sai ya cire takalmansa ya jera su daidai, ya juya hancinsu wajen ƙofa kamar mai shirin gudu. Agogonsa a cikin hannu yake ɗaurawa, sai ya juyo tafin hannu sama kafin ya ga lokaci. Kuma duk abin da aka yi masa, ko shayi ya yi sanyi, ko na bar shi yana jira ina neman ɗankwalin da zai hau da rigata, sai ya ce, "Ba komai, ba komai," sau biyu, can ƙasa. Ku da kuka karanta babi sha tara, kun san waɗannan ukun kamar tafin hannunku.

Wata Asabar na tambaye shi kai tsaye, don ba na son yawo da magana.

"Me ya sa ni? 'Yan mata sun cika titinku."

Ya juya kofin shayinsa a kan faranti. "Na ji yadda kika yi jinyar mahaifinki. Ni ma na yi jinya. Akwai abin da ba zan iya yi wa kowa bayani ba sai wanda ya taɓa kwana da majinyaci. Ke ba sai na yi miki bayani ba."

Na yi murmushi na gyara mayafina. A daren ranar ban rubuta komai ba, amma washegari da rana, a shago, na rubuta babi na sha tara a zama ɗaya, ban ko sha ruwa ba.

Bari in tuna muku shi a taƙaice. Matar Malam Sanyi tana kwance, ciwo ya ɗauke mata murya. An ɗaura mata cokali da koren zare a jikin gado, an ajiye mata kofin ƙarfe a gefe, idan tana buƙatar wani abu sai ta buga. Wata rana da azahar ta buga. Yana falo yana kallon waya. Bai tashi ba, ƙirgawa ya yi. Ɗaya, biyu, har bakwai. Sannan ya je bakin ƙofa, ya duba agogonsa na cikin hannu, ya ce mata a hankali, "Ke ba kya gajiya da kira? Mu mun gaji da amsawa." Ta ajiye cokalin. Daga ranar ba ta sake bugawa ba.

Kun yi kuka, kun yi Allah ya isa, sharhi ya haura ɗari shida. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ina cikin karantawa ina murmushi sai ga sharhin wata mai kiran kanta Maman Biyu:

"Jama'a, wai ni kaɗai na lura? Agogo a cikin hannu, takalmi yana kallon ƙofa, ba komai ba komai. Wannan ai Mai Kemis ne na bakin titi. Shi ma fa matarsa ciwo ta yi ta rasu."

Na goge shi cikin minti biyu. Minti biyu kuwa ya isa, an riga an ɗauki hotonsa, ya shiga guruf na matan unguwa, daga can ya shiga na iyayen yara. Kafin in tashi daga aiki labarin ya riga ni isa gida.

Na rubuta sanarwa, wasunku sun gani: Malam Sanyi ƙirƙira ce, babu shi a duniya, don Allah a daina jingina shi ga kowa. Ga amsoshin da kuka ba ni, na ajiye su.

"Allah sarki, an yi mata barazana."

"Ai dole ki ce haka tunda ke zai aura. Ki gudu tun da wuri, 'yar'uwa."

"Ni jinyar mijina na yi shekara uku. Babu mai ƙirƙirar koren zare. Wanda ya gani da idonsa ne kawai zai rubuta wannan."

Wannan ta ƙarshen na fi daɗewa ina kallo. Ba ta yi kuskure ba, shi ne abin.

Kwana uku bayan haka na biyo ta titin su Mai Kemis da yamma a motar haya. Shagon a buɗe, fitilu a kunne, shi kaɗai a bayan kanta yana gyara kwalayen da ba su hargitse ba. A idona wata mata ta tsaya da takardar magani a hannu, ta leƙa, ta ja ɗanta suka wuce shagon gaba. A ranar ne kuma saƙo ya shigo min daga lambar da ban sani ba.

"Ni ƙanwar marigayiya ce. Na gode da kika tona. Dama zuciyata ta daɗe tana gaya min akwai abin da Yayata ta ɓoye mana. Mama tun jiya ba ta ci abinci ba."

Na karanta, na kife wayar a kan cinyata, na ci gaba da kallon titi. Ban ba ta amsa ba don ban san me zan rubuta ba, ni da rubutu ne sana'ata.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ya sa nake ganin ba ni da bakin zarginku. Asabar ta zo, Mai Kemis ya zo kamar kullum. Ina leƙe ta labule ya sunkuya ya jera takalmansa, ya juya su wajen ƙofa. Ni da na zauna a kujerar roba a shagon Oga na ƙera Malam Sanyi da yatsuna biyu, ni ce na tsaya ina jin tsoron shiga falonmu. Na sa doguwar riga mai ruwan toka, ban shafa komai a fuska ba, na shiga da tire. Shayin ya ɗan zube a faranti.

"Ba komai, ba komai," ya ce.

Wallahi sai da na ja da baya. Can ciki Umma ta yi tari, na tsinci kaina ina kallon bakinsa in ga ko zai ƙirga. Shi kuwa ɗago kai ya yi.

"A kai wa Umma ruwa tukuna, zan jira."

Da na dawo na tarar ya ajiye leda a kan tebur. Ya buɗe ta. Kofin ƙarfe ne sabo da cokali, an ɗaure su da koren zare.

"A bakin shago na tsince su da safe," ya ce. "Wanda ya ajiye har da ƙoƙarin nemo kalar zaren."

Sannan ya ci gaba.

"Na karanta duka sha taran. Kin iya rubutu, ban sani ba." Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatsen ne da na fi samun sauƙi. "Takalmin nawa ne. Agogon nawa ne. Har na tsaya gaban madubi na ce ba komai, in ji yadda take fita. Ban san tana da ban tsoro haka ba."

"Ka yi haƙuri. Ɗabi'un kawai na ara, ban yi tunanin..."

"Marigayiya ba ta taɓa buga kofi ba," ya katse ni, muryarsa ba ta canja ba. "Tana da muryarta har ranar ƙarshe. Sunana take kira, ina amsawa. Ba kullum da daɗin rai ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai ranar da na shiga banɗaki na kulle na zauna minti goma don kawai in ji shiru. Amma ina amsawa."

"Na rubuta musu cewa ƙirƙira ce."

"Na gani. Ba su yarda ba." Ya juyo tafin hannunsa, bai dubi agogon ba, ya mayar. "Ni ma ban yarda ba."

Na ɗago na kalle shi.

"Sauran babin duk labari ne, ana ji an san labari ne. Wannan wurin kuwa ba labari ba ne. Ban san na waye ba, ban kuma tambaye ki ba. Shago ba ya damuna, masu ciwon kai za su dawo. Mahaifiyar marigayiya ce damuwata. Tsohuwar nan ni ta riƙe a matsayin ɗa tun bayan rasuwar, jiya na je gaishe ta aka ce min tana barci, alhali ina jin muryarta. Yanzu tana zaune tana tunanin 'yarta ta mutu da ƙishirwa a gidana. Wannan kawai nake so ki cire mata, ta duk hanyar da kika ga za ta yarda."

Ya tashi bai sha shayin ba. Kofin da cokalin ya bar su a kan tebur, na kwashe na tura ƙarƙashin gadona kafin Umma ta fito.

Na yi ta juya maganar. Hanyar da za ta yarda guda ɗaya ce, na kuma san ta tun kafin ya gama magana. Mutane ba sa sakin abin da suka yarda da shi don an ce musu babu shi. Sai an ba su wani su riƙe a madadinsa. Kun ji gaskiya a cikin babin nan, hancinku bai yaudare ku ba, kuka nemi mai ita, kuka kama wanda takalminsa ya yi daidai. In ina so ku sake shi, sai na miƙa muku mai ita na ainihi.

Lahadi da hantsi Gwaggo ta iso, ko sallamar kirki ba ta gama ba ta jefar da jakarta a kujera. Umma tana zaune a ƙasa da tarin littattafan ɗalibanta, tana maki da jan biro, gilashinta a kan hanci. Umma ba ta karanta labaraina, ta ce ɓata caji ne.

"An fasa," in ji Gwaggo. "Ni na kawo shi, ni zan mayar da shi. Yau ɗin nan zan je wajen yayansa in gaya masa dalili, kowa ya ji."

"Yaya, zauna mana. Me ya faru?"

"Ke kina nan kina jan biro, gari ya ɗauka. Mugu ne, mai sanyin murya, irin waɗanda ke kashe mutum suna murmushi. 'Yata ta karanta min jiya, ban runtsa ba. Ashe yarinyar nan ta gano shi, kunya ta hana ta faɗa, ta zuba a rubutu. Kai, 'Yar Baba, Allah ya yi miki albarka."

"Gwaggo, labari ne kawai. Ba shi ba ne."

"Rufe min baki. Ɗauko wayar ki karanta wa uwarki da bakinki."

Na ɗauko. Na zauna a hannun kujera na fara karantawa da muryar da nake karanta wa kwastoma takardarsa don ya duba kuskure. Umma tana ji tana maki, shafi bayan shafi. Da na zo kan cokalin da aka ɗaura da koren zare, biron ya tsaya. Ban ɗago ba, amma na ji ya tsaya. Na karanta ƙirgen har bakwai, na karanta maganar bakin ƙofa, na kai ƙarshe.

Gwaggo ta share ido da gefen mayafi. "Kin ji ko? Kamar na ɗan'uwana, Allah ya jiƙansa, shi ma haka aka yi masa cokali. Sai dai shi ya yi dace, bugu ɗaya 'Yar Baba ta miƙe. Ita kuwa baiwar Allah nan ta faɗa hannun azzalumi."

Kun gani? Cokalin yana gabanta, ta ma ambace shi da bakinta, amma ba ta gan ni ba. Shekara da shekaru ta yarda ni 'Yar Baba ce, wannan yardar ta fi ƙarfin idonta. Da na yi shiru a lokacin, da shi ke nan, ta tafi wajen yayansa, ni kuma in ci gaba da zama abin misali.

Umma ta cire gilashinta. Ba Gwaggo ta kalla ba, ni ta kalla.

"Sau nawa ya buga?"

"Umma, a labarin mace ce..."

"Ban tambaye ki labari ba."

"Bakwai," na ce.

Ga yadda aka yi, ku ma ku ji kamar yadda suka ji. Ranar wata Laraba ce da azahar, shekara ɗaya da rabi da kwanciyar Baba. Tun safe na sauya zanen gado sau biyu, hannuna yana warin sabulu da abin da sabulu bai iya fitarwa ba. Ƙawayena da muka fara karatu tare suna ta turo hotunan kammalawa, kowa da hularta a karkace. Ina falo ina kallon hotunan sai ya buga. Na ji. Na ce bari in ga sau nawa zai yi kafin ya haƙura. Ba fushi nake yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan idan na tuna, hankalina a kwance yake kamar mai ƙirga motoci a titi. Da ya kai bakwai na tashi na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baba, kai ba ka gajiya da kira? Mu mun gaji da amsawa." A hankali na faɗa. Ya kalle ni da idonsa mai lafiya, ya saki cokalin, cokalin ya yi ta lilo a jikin zaren. Na kawo masa ruwan, ya sha. Wata biyar ya ƙara a duniya. Na ci gaba da yi masa komai a kan lokaci, ban taɓa fashi ba, amma bai sake buga kofin nan ba.

Gwaggo ce ta fara magana.

"Ƙarya take yi! Rufa masa asiri take yi, so ne ya rufe mata ido. Yarinyar da na gani da idona tana goge wa ubanta baki?"

"Ta goge masa baki," in ji Umma. "Wannan ma ta yi. Gaskiya take faɗa, Yaya. Koren zaren ni na ɗaura, daga kwandon ɗinkina na yanko." Ta rufe littafin da ke cinyarta, ta ɗora a kan tarin, ta juyo gare ni. "Na tambayi likita me ya sa ya daina bugawa. Ya ce ciwon ne ya ci hannun. Kina tsaye a wurin."

"Ina tsaye."

"Kika gyaɗa kai."

"Na gyaɗa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta mayar da gilashinta, ta ce wa Gwaggo babu inda za ta je. Sannan ta ce min, "Inda kika rubuta wancan, nan za ki rubuta wannan. Da sunan da ake kiranki a gida, yadda duk wanda ya san mu zai gane. Bawan Allah nan ba zai ɗauki kayanki ba."

Shi ne wannan da kuke karantawa.

Na yi tunanin idan na sa wa abin takalmin wani, na ɗaura masa agogon wani, zai bi mai takalmin ya fita daga gidanmu. Babi sha tara ina gina Malam Sanyi, ina ba ku shi kuna tsinewa, ni ma ina taya ku, kuma duk tsinuwar da kuka yi sai in ji na ɗan yi sauƙi. Ban zauna na shirya cutar da Mai Kemis ba. Amma na san matarsa ta yi jinya, na sani sarai, kuma ranar da ya ce ya zaɓe ni ne saboda jinyar Baba, washegarinta na rubuta babin. Ku yi lissafin da kanku, ni na gaji da kare kaina.

Ƙanwar marigayiya, na san kina karantawa. Ki kai wa Mama wannan, ki karanta mata tun daga farko. Yayarki ba ta buga kofi ba, sunansa take kira, yana amsawa. Wanda ya ajiye kofi a bakin shago kuma, kayanka suna ƙarƙashin gadona, gidan da ya dace suka zo.

Kwana biyu ke nan Umma tana yi min magana kamar kullum: an kawo wuta, a rufe taga, ga kuɗin mota. Jiya da yamma tarin nan nata ya taso mata a ɗaki. Na ajiye waya na zauna a bakin gado ina jiran in ji "'Yar Baba, miƙo min ruwa," kamar yadda take yi tun ina ƙarama. Sai na ji ƙarar silifas ɗinta ta wuce ƙofata, ta shiga kicin, ta buɗe famfo da kanta.

Mai Kemis na tura masa wannan rubutun tun safe kafin kowa ya gani, don shi ya fi kowa haƙƙin fara karantawa. Ya buɗe ƙarfe tara da kwata. Bai ce komai ba, ko sau ɗaya balle sau biyu. Ya nemi wadda ba sai ya yi mata bayani ba, yanzu ya san wadda ya samu. Kuma yau ne na gane ba na so ya fasa, abin da ban sani ba duk watannin da yake zama a falonmu.

Yau Talata. Biyar ta wuce da minti goma, na ji tsayuwar mota, na ɗaga labule. Shi ne. Ya yi sallama, Umma ta amsa daga ciki ta ce ya shigo. Yana tsaye a bakin ƙofa, wayarsa a hannu, kuma har yanzu bai sunkuya ya cire takalmansa ba.